Macro ɗin sakamakon jarrabawa yana tsayawa a tsakiya

Malamin Aji Shida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Macro ɗin (wato ɗan shirin da ake rubutawa a cikin Excel don ya yi aiki da kansa) da ke haɗa mana makin ɗalibai ne ya ƙi. Da ya kai layi na 47 a jerin ɗalibai sai ya tsaya, ya fito da Run-time error 13, Type mismatch. Jibi za mu raba sakamako, ku taimaka.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ka rubuta On Error Resume Next a can sama, ka huta.

Tsohon Akawu: A'a Baban Khalifa, don Allah kar ka jefa Malam rami. Wannan layin ba ya gyara komai, cewa kawai yake yi wa kwamfuta idan ta ci karo da matsala ta yi shiru ta wuce. A wani kamfani da na yi aiki, wani yaro aka ɗauko ya rubuta mana macro na albashi. Aikinsa ya bi sunayen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya nemo albashin kowa da WorksheetFunction.VLookup daga wani shafi. To yaron ya ɗora Resume Next a kan komai. Aka ɗauki sabon masinja, ba a shigar da lambarsa a shafin albashi ba. Da ba wannan layin, macro zai tsaya da error 1004, mu duba mu gyara. Amma da yake an toshe masa baki, neman ya faɗi, adadin mutumin da ke samansa ya zauna yadda yake, aka rubuta wa masinja shi. Mutumin da ke samansa kuwa shugaban sashe ne. Kuɗi suka fita, masinja ya ga alat ya ɗauka alherin kamfani ne, har ya kai kuɗin haya. Karɓo kuɗin nan sai da aka yi wata da watanni ana cira a albashinsa, ni kuma aka yi ta kira ofishin manaja kamar ni na rubuta abin. Yaron da ya rubuta kuwa ko wayarsa ba a ƙara samu ba.

Abin da nake yi yanzu: On Error GoTo Kuskure a sama (Kuskure sunan wurin da macro zai tsallaka ne idan matsala ta taso), Exit Sub kafin ƙarshe, sannan a ƙarƙashin Kuskure: in sa MsgBox ya nuna Err.Number da Err.Description da lambar layin da ake kai. In dole sai Resume Next, a kan layi ɗaya tak, ka duba Err.Number nan take, ka rufe da On Error GoTo 0.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, makin 'yan firamare ake magana, ba albashi ba.

Maman Hanan: Ai makin ya fi. Ka ba ɗan wani na ɗaya da makin maƙwabcinsa ka ga yadda iyaye za su cika makaranta. Malam, duba layi na 47 ɗin da idonka. Na tabbata wani malami ya rubuta ABS ko ya ja ɗan layi a wurin yaron da bai zo jarrabawa ba, shi kuma macro yana son haɗa lamba da rubutu. Ka tace da IsNumeric kafin haɗawa.

Bazazzagi: Kuma ka ajiye kwafin fayil kafin ka taɓa komai. Ctrl+Z ba ya dawo da abin da macro ya goge.

Ɗan Kwari: Tunda ana maganar, nawa error 6 yake bayarwa, Overflow, duk ranar da ciniki ya yi kyau.

Tsohon Akawu: Integer ka sa a matsayin nau'in ma'ajiyar lambar. Iyakarsa 32,767. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba zai shiga ba. Mayar da shi Long, in da kwabbai a ciki ka sa Currency.

Bazazzagi: Bakano ne fa, da gangan ya sa Integer don kar yaran shago su ga riba ta wuce dubu talatin 😂

Ɗan Kwari: Ku da kuka tara boko a Samaru, me ya hana ka amsa kafin Akawu?

Bazazzagi: Ina cin abinci ne.

Maman Hanan: Akawu, ka manta abu ɗaya. Wanda ya kashe EnableEvents ko ya mayar da Calculation na hannu a farkon macro, ya tabbata ya kunna su a cikin Kuskure ɗin ma. In ba haka ba macro ya mutu a tsakiya, lissafi ya daina sabunta kansa, mutum ya yi ta zargin kwamfuta.

Tsohon Akawu: Gaskiya ne Hajiya. Da Option Explicit a layin farko, don ya tilasta a bayyana kowace ma'ajiya kafin a yi amfani da ita.

Auta: Yayyena, ni a waya nake buɗe fayil ɗin, maɓallin macro ɗin ma ba ya dannuwa.

Baban Khalifa: Macro ba ya aiki a Excel na waya, Auta. Nemi kwamfuta.

Auta: To wa ke da laftof ta hannu mai sauƙi? Kar batir ya zama na minti goma.

Ɗan Kwari: Biyo ni ta ciki, akwai wani yarona a Farm Centre.