Na bar Windows na koma Mac, yau mako uku aiki ya gagare ni

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a dagule. Ni ba a makance aka haife ni ba. Ina shekara 17 hawan jinin ido ya fara cin ganina, aka yi mini aiki sau biyu a idon dama, sau ɗaya a na hagu, ina cika 20 komai ya ɗauke. Shekara biyu na yi a ɗaki, ko muryar baƙo ba na son ji. Yayana ne ya fitar da ni daga wannan hali. Shi ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya sa mini JAWS, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya, yana kama yatsuna yana ɗora su a kan F da J, masu ɗan tudun nan, kullum bayan ya taso daga aiki, har na iya rubutu ni kaɗai. Duk abin da na zama yau, bayan Allah, shi ne sila. Shekara 11 ke nan ina kan Windows da JAWS, yatsuna sun san maɓallan Insert da F7, masu fito da jerin mahaɗan shafi, kamar yadda hannu ya san hanyar baki.

To kwamfutar tawa ta tsufa. An ce ba za ta ɗauki Windows 11 ba don ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata, Windows 10 kuma an rufe babinsa tun 14 ga Oktoba 2025. Sai yayan nawa ya kawo mini MacBook Air, ya ce tunda na saba da VoiceOver, mai karanta allo na Apple, a wayata, ai duk ɗaya ne. Ni ma haka na zata. Ashe ba haka ba ne. A JAWS shafi kamar doguwar takarda yake, in sa kibiya ƙasa in bi shi layi-layi. A nan kuwa komai akwati ne cikin akwati, sai na danna maɓallai huɗu na shiga, na sake danna huɗu na fito, can sai in rasa inda nake. Abin da nake gamawa kafin azahar yanzu yana kai ni dare. Shugabana a wurin aiki ya yi mini magana sau biyu. In jure ne ko in koma? Jiya sai da na yi kuka.

Ɗan'uwa a nesa:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi, 'yar'uwa. Amma ba ki faɗa mana wane irin aiki kike yi ba, kuma tsohuwar kwamfutar tana hannunki har yanzu?

Malami mai koyar da kwamfuta:
Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, ki koma Windows. Shekara da shekaru ina koyar da makafi, na ga irin wannan ya fi a ƙirga. VoiceOver na waya daban, na kwamfuta daban, suna ne kawai ya haɗa su. A waya yatsa ɗaya kike shafawa. A Mac sai kin canza yadda ƙwaƙwalwarki ke zana allo gaba ɗaya, kuma mai aikin ofis ba shi da wannan lokacin. Ki duba binciken da WebAIM, ƙungiyar da ke aikin sauƙaƙa wa naƙasassu intanet, ta fitar a 2024: waɗanda JAWS ne babban abin aikinsu a kwamfuta sun kai kimanin kashi 40 cikin ɗari, masu NVDA, wani mai karanta allo na Windows, suna dab da su, masu VoiceOver ba su cika kashi 10 ba. Inda jama'a suka fi yawa, nan masu gina manhaja suka fi gwada kayansu, nan kuma za ki sami mai taimaka miki in kin maƙale. Ki nemi kwamfuta mai Windows 11, ki sa NVDA. Kyauta ne, makafi biyu ne 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka raine shi, tun 2006 yake. H na kai ki kanun magana kamar a JAWS, Insert da F7 na nan. Kwana uku kin ware.

Uwar gida mai Mac:
Malam, da girmamawa, ka yi saurin yanke hukunci. Mako uku fa! Ni wata biyu na yi ina jin kamar an sauya mini gida cikin dare, yau shekara shida ban waiwayi baya ba. 'Yar'uwa, ina zargin kina tuƙa Mac ne da hannun JAWS. Fara da mayar da Caps Lock ya zama maɓallin VO, wato na ba VoiceOver umarni, ki huta da riƙe Control da Option. Sai ki danna kibiyar hagu da ta dama tare, Quick Nav, yanayin zagaya allo da kibiyoyi kaɗai, ya kunnu: daga nan kibiyar ƙasa da ta dama ke shigar da ke akwati, ta ƙasa da ta hagu ta fito da ke, maɓallai biyu maimakon huɗu. VO da U zai buɗe miki jerin kanu da mahaɗai, shi ne F7 ɗinki na nan. In kin manta aikin wani maɓalli, VO da K, ki yi ta dannawa yana faɗa miki ba tare da ya taɓa komai ba. Kuma in Eloquence, muryar nan ta JAWS, kike kewa, an sa ta a Mac tun fitowar macOS Ventura a 2022. Wallahi ranar da na ji wannan muryar a kwamfutata sai da hankalina ya kwanta, kunne ma yana da nasa sabon.

Mai jiran canjin aiki:
Ku dai kuna da zaɓi. Ni wurin aikinmu wata bakwai ina roƙon a sa mini manhajar karanta allo a kwamfutar ofis, kullum sai a ce sashen fasaha bai amince ba. Na kawo NVDA a filasha, wanda ba ya buƙatar a girka shi, suka ce an hana sa filasha. Narrator, mai karanta allon da ke zuwa cikin Windows, da shi nake lallaɓawa. Manhajar da muke shigar da bayanai kuwa, duk maɓallanta ba suna, sai dai ka ji "maɓalli, maɓalli, maɓalli", ka ƙirga na biyar ka danna ka yi addu'a. Sannan a taro a ce ni ne mai jinkiri. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Uwar gida mai Mac:
Allah ya isar maka, ɗan'uwa. Wannan ƙirgen maɓallan ni ma na sha shi a shafin bankina.

Mai neman shawara:
Na gode muku duka. Malam, na ji maganarka, amma ba ka san yadda aka yi kwamfutar nan ta zo hannuna ba. Mutumin nan ya hana kansa abubuwa da yawa kafin ya kawo ta. Da wane baki zan ce masa ya yi kuskure? Kuma ba a makance na karɓa ba, na yi tunani: batirinta na kai ni yini, ba ta zafi, saƙonnina na waya suna shigowa ciki, kuma ni kaɗai na kunna ta ranar farko da Command da F5, ba wanda ya karanta mini allo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Yaya mai Mac, na gwada Quick Nav ɗin tun makon farko, sai in zo rubutu haruffa su ƙi shiga, na kashe shi.

Malami mai koyar da kwamfuta:
Kin ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Ƙanwata, yayanki don ki yi aiki ya kawo ta, ba don ki yi kuka ba. In aikin ya suɓuce, shi zai fi kowa baƙin ciki. Kara ba ta biyan albashi. Windows 11 ma ana iya girka shi da Narrator, Control da Windows da Enter, ba sai da mai ido ba.

Ɗalibin injiniya:
Me ya sa sai ɗaya? Anti, ki sa Windows a cikin Mac ɗin. Boot Camp dai, hanyar Apple ta girka Windows a Mac, babu shi a waɗanda suka zo da ƙwaƙwalwar Apple, M1 da na bayanta, daga 2020 zuwa yau, amma Parallels ko VMware Fusion, manhajojin da ke tafiyar da Windows a cikin Mac, suna ɗaukar Windows 11 na ARM, wanda aka yi don irin wannan ƙwaƙwalwa, NVDA kuma yana tafiya a kai. Matsala ɗaya, madannan Mac ba su da Insert, sai ki sa na waje ko ki sauya wani maɓalli ya tsaya a madadinsa. Ko kuma ki riƙe tsohuwar, akwai shirin ƙarin sabuntawar tsaro na Windows 10 har Oktoba 2026, ki samu lokacin koyon Mac a natse.

Malami mai koyar da kwamfuta:
Yaro, wadda akwati cikin akwati ya rikita za ka ƙara wa kwamfuta cikin kwamfuta, da muryoyi biyu suna rigimar maɓalli ɗaya? A'a.

Mai Linux:
Ni dai Orca, mai karanta allo na Linux, nake amfani da shi shekara huɗu, ba wanda ya taɓa ce mini kwamfutata ta tsufa.

Mai neman shawara:
Tsohuwar na riga na ba 'yar yayana, tana karatu da ita, ba zan karɓe ba. Aikina kuwa Excel ne daga safe har yamma, jadawali mai ginshiƙai sama da talatin. A JAWS na saita shi yana faɗa mini sunan ginshiƙi duk inda na matsa, shi ne abin da na fi rasawa yanzu.

Malami mai koyar da kwamfuta:
Excel! Da kin faɗi haka tun farko da ba mu ja zance ba. A NVDA, ki tsaya kan layin kanu ki danna maɓallin NVDA, wato Insert, da Shift da C, shi ke nan. Ki koma.

Uwar gida mai Mac:
Ni gaskiya ba na aikin jadawali mai yawa haka. Amma batun haruffan da suka ƙi shiga, akwai saitin harafi ɗaya na Quick Nav da ake kashewa daban, ki duba shi kafin ki yanke. Ki ba Mac ɗin wata ɗaya.

Mai neman shawara:
Wata ɗaya ban san ko shugabana zai ba ni ba. Mayar da ita kuma ba zan iya ba, don Allah ku daina ce mini haka. Ɗalibi, wannan Parallels ɗin, mutum zai iya girka shi shi kaɗai da VoiceOver, ko sai na nemi mai ido? Rahoton ƙarshen wata ranar Alhamis ake jiransa.