Abokina ya nutse cikin bashi, yana so in tsaya masa. In sa hannu?

Baban Yara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina da aboki tun muna sakandare, yau kusan shekara 18. Mutum ne mai sakin hannu, in kuka fita tare ba ya bari ka taɓa aljihu. 'Yan watannin nan na lura ya canza. In muna zaune sai ya kife wayarsa a kan cinya, tana ta haske ta gefe, ba ya ɗauka. Na tambaya sau biyu, ya ce masu talla ne. Ranar Litinin sai ga saƙo a wayata daga baƙuwar lamba, da cikakken sunansa, wai ya ci rance a wata manhaja ya ƙi biya, in ja masa kunne ko su tura hotonsa ga duk wanda ke cikin wayarsa.

Na same shi da dare. Ya fara da dariya, daga baya ya sunkuyar da kai. Ashe abin ya samo asali ne daga jinyar mahaifiyarsa bara. Ya ci rancen banki a kan albashinsa, ana cira tun kuɗin ba su iso hannunsa ba. Ragowar ba ta kai shi ƙarshen wata, sai ya shiga manhaja ta farko. Da wa'adinta ya cika ya ciwo a ta biyu ya biya ta farkon. Yanzu manhaja huɗu ke binsa, ga banki, ga wani abokin aikinsa, ga kuɗin haya na wata uku. Na ce masa duka nawa ne? Ya ce bai sani ba. Wallahi wannan amsar ta fi komai tayar mini da hankali.

Yanzu ya samo wasu da za su ba shi rance babba guda ɗaya ya biya kowa, amma sai wani mai albashi ya tsaya masa, kuma ni yake so. Matarsa ba ta san komai ba, ya roƙe ni kar in faɗa. Ina da ɗan abin da na tara na makarantar yara, kamar albashina na wata biyu. In sa hannu? In ba shi kuɗin? Ko me zan yi?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka sa hannun nan. Ni na taɓa yi.

Ƙawata ce, tare muka tashi. Na ɗauka shaida kawai zan yi cewa na san ta. Wata bakwai tana biya lafiya lau, sai aka rage ma'aikata a wurinsu. Wasiƙar farko da ta zo, sunana ne a kai. Sai a ranar na zauna na karanta abin da na sa wa hannu: in ta kasa, ni ce mai bashin, har da kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Wata 14 ana cira daga albashina. Abin da ya fi kuɗin ciwo, ban taɓa yi mata magana mai zafi ba, amma ita ce ta koma in ta hango ni sai ta canza hanya don kunya. Na rasa kuɗi, na rasa ƙawa.

In za ka taimaka, ware abin da in ya tafi ba zai hana yaranka shiga aji ba, ka ba shi kyauta, ka faɗa masa da bakinka cewa kyauta ce. Maganar matarsa kuma, kai ba ka da hurumin kai mata, amma ka tuna lambarta ma tana cikin wayar nan. Saƙon da ya same ka zai same ta. Gara ta ji daga bakin mijinta.

Mai Lissafi:

Malam, mutumin da bai san nawa ake binsa ba, ko ka juye masa duk abin da ka tara, ka zuba ruwa a kwando ne. Kafin maganar kuɗi, ku samu takarda da biro. Kowane bashi layinsa: wa ke bi, nawa ne uwar kuɗin, nawa ya rage, ruwan nawa ne kuma a kwana nawa, yaushe wa'adi, me zai faru in an saɓa.

Wannan "a kwana nawa" shi ne inda ake yi wa mutane wayo. Manhaja za ta ce kashi 10 kacal, mutum ya ga ai ba yawa. Amma in kashi 10 ɗin na kwana 14 ne, shekara tana da irin wannan zangon har 26, kashi 260 ke nan ko ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. In kuma kashi 10 ne a wata ana ɗorawa, wanda ya ci 100 bai biya komai ba, bayan wata 12 ana binsa kusan 314. Shi ya sa yake ta biya amma abin ba ya raguwa.

Bayan an rubuta, a fara da abin da zai iya raba shi da matsuguninsa, wato haya, da abin da iyali za su ci. Masu yawan kira ba su ne na gaba ba don kawai sun fi hayaniya. Daga nan duk rarar da aka samu a tara ta a kan bashin da ruwansa ya fi tsada, sauran a riƙa ba su mafi ƙarancin abin da aka yi alkawari. Banki kuma ya je da ƙafarsa ya nemi a tsawaita masa wa'adi a rage abin da ake cira duk wata. Jimlar abin da zai biya za ta ƙaru, amma zai samu numfashi. Duk abin da aka amince a ba shi a rubuce.

Rancen haɗe basussukan nan ba ya amfani sai in ruwansa, haɗe da kuɗin cike takardu, ya yi ƙasa da na yanzu, kuma ya goge manhajojin daga wayarsa. In ba haka ba, nan da wata shida zai dawo da babban bashi da sababbin ƙanana. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai caca a ciki. Ban ce akwai ba. In akwai, ko sisi kar ya bi ta hannunsa, ka biya mai bin bashin da kanka ka karɓi rasit.

Na Taɓa Shiga:

Lissafin Mai Lissafi daidai ne, amma ni da na kwana a ramin nan zan ƙara wani abu. Ba rashin iya lissafi ne ya hana shi sanin jimlar ba, tsoron ganinta ne. Ni saƙonnin banki ma ban iya buɗewa ba, sai in goge su da ido a rufe. In ka zo masa da "me ya kai ka", zai ce maka to, ya koma ya ciwo wani a ɓoye.

Abin da yayana ya yi mini: ya zauna kusa da ni, na sa wayar a lasifika, muka kira masu bina bashi ɗaya bayan ɗaya. Bai ce uffan ba, zamansa kawai ya sa muryata ba ta rawa. Sannan ya sa na rubuta wa mutanen da nake jin kunyarsu cewa na shiga bashi, ina kan biya, in sun ga saƙo kar su damu. Daga ranar barazanar ta mutu, don babu sauran asirin da za a tona.

Inda na saɓa da Mai Lissafi: ni da ƙaramin bashi na fara. Na san a lissafi na ɗan yi asara, amma ranar da na ja layi a kan suna na farko, ranar na yi barci. Kuma don Allah ka saurari kalamansa. In ka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, ko iyalinsa za su fi hutawa in ba shi, kar ka ɗauka zance ne, kar ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi wurin likita.

Dattijo:

Bashi hanji ne, yaro, kar ya ga kamar a kansa aka fara. In Musulmi ne, ku tuna wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukunin mutane takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, waɗanda ake ba zakka. A cikin danginsa ba za a rasa mai fitarwa ba, sai dai ba su sani ba. Abokin aikin nan kuma ku je masa tare. Mutum ya fi manhaja sauƙin roƙo, kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Baban Yara:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya mun zauna har ƙarfe ɗaya na dare. Basussukan tara ne, ba bakwai ba, akwai biyu da ya ce ya manta. Caca babu, na duba tarihin asusunsa da izininsa. Da muka karanta takardar sabon rancen, ruwansa ya fi na bankinsa, ga wani kaso da za su cire tun kafin su miƙa kuɗin.

Na faɗa masa ba zan sa hannu ba. Ya ce ya gane, amma bai kalle ni ba lokacin da ya faɗa. Na biya hayar wata biyu kai tsaye ga mai gidan, na ce kyauta ce. Gobe zan raka shi banki. Ya yi alkawarin zai gaya wa matarsa ranar Juma'a, takardar lissafin basussukan ma tana wurina, ya ce in ajiye kar ta gani kafin lokacin. Yaya Uwar Biyu, in Juma'ar ta wuce bai faɗa ba, in sake tuna masa ko in zuba ido?