Katin hoto ga yaron da bakinsa bai buɗe ba: ya kuke yi a gidajenku?

Maman Ilham, Gezawa: Salamu alaikum. Masu yaran da kalmominsu ba su wuce biyar ko goma ba, ku taimaka mana da yadda kuke haɗa kati, da abin da ke ɓata shi.

Malam Habu, Ringim: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin kati, a gwada jin yaron a sashen kunne na asibiti, kamar na Malam Aminu Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse. Wani ba ya ji ne kawai.

Shi katin, a ɗauki hoton ainihin kayan gidan da waya: kofinsa, ƙosan da yake ci, butarsa. Zane ba ya kama hankalin wasu. A wanko hoton ranar kasuwa, a manna a kwali mai kauri kamar faɗin tafin hannu, a naɗe da salatef ciki da waje. A fara da kati ɗaya tak, na abin da ransa ya fi so. Ana bukatar mutum biyu: ɗaya a gaba riƙe da ƙosan, ɗaya a bayansa. Da yaro ya miƙa hannu, na baya ya kama hannun, ya ɗauki katin da shi, ya sa a tafin na gaba, ba tare da ya ce uffan ba. Nan take a ba shi ɗan gutsure, a ce "ƙosai" sau ɗaya. Gutsure fa, don a samu maimaitawa kafin ya ƙoshi. Daga nan na baya ya riƙa janye hannunsa a hankali. Tsarin ana kiransa PECS, a Amurka aka fara shi a 1985.

Inna Larai, Bichi: Malam ya gama magana. Sai dai babban mai ɓata aikin mu ne kakanni da yayye. Yaro bai motsa ba an miƙo masa ruwa, to me zai nema da kati? Wani kuma ya riƙe kofi yana "ce ruwa, ce ruwa" har yaro ya fashe da kuka ya tsani abin gaba ɗaya. Idan ya miƙo kati, ya yi magana ke nan, a ba shi.

Baban Sadiƙ, Kazaure: Kada a adana katin a ƙasan akwati don tsoron lalacewa. A rataye da zare a ƙusa daidai tsayin yaron, amma ba a tsakar gida ba, awaki na cin kwali, damina kuma na jiƙa shi. Kowane hoto a wanko biyu. Nuna masa hoton a waya maimakon kati kam ban ba da shawara ba: caji ya ƙare, ko yaro ya zarce kallon bidiyo.

Maman Ilham: Inna, wasu na cewa kati zai hana shi magana.

Inna Larai: Ba ya hanawa, 'yar nan, tunda kullum kalmar na tafiya tare da hoton. Wanda hoto bai shige shi ba, a ba shi abin kansa: ƙaramar buta don bayi, cokali don abinci, takalmi don fita.

Malam Habu: Kada a tsaya kan ci da sha. A ƙara "ya isa", "ciwo" da "bayi", yawan ihu da cizo daga rashin hanyar faɗin waɗannan yake. In fura ta ƙare, kada a ɓoye katinta. A karɓa, a nuna masa ƙwaryar wayam, a ce "babu", sannan a miƙa masa kati biyu ya zaɓi wani abin.