Warin mutum kwana nawa yake yi a daji? Barewa ta gane ni tun ba ta gan ni ba

Na Ohayo: Assalamu alaikum jama'ar zaure, iyayenmu da yayyenmu barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Bana na yanki lasin farauta a nan jihar Ohayo ta Amurka, da kwari da baka nake yi don lokacin baka ya fi tsawo, tun ƙarshen Satumba ake buɗewa har farkon Fabrairu. Wani abokin aikina yana da gona kudu maso gabas da birnin Kolombos, ya ba ni izini a rubuce kamar yadda dokarsu ta ce, na ɗaura kujera a kan bishiya a bakin gonar masara inda na ga sawun barewar nan tasu mai farar wutsiya. Kafin in fara zama, kyamarar da na maƙala kusan kullum da yamma sai ta ɗauke su, har da wani namiji mai ƙaho. Ran Asabar na hau, wajen ƙarfe 5 sai ga wata uwa da 'ya'yanta biyu, tana zuwa daidai inda na bi na shigo ta tsaya cak, ta sa hanci a ƙasa, ta ɗago, ta buga ƙafar gaba sau biyu, sai ta yi wani huci fuuu ta ɗaga wutsiya suka faɗa daji. Wallahi ko motsi ban yi ba, kuma awa uku kenan da wucewata ta wurin. Yau kwana huɗu kyamara ba ta ɗau komai da rana ba, sai ƙarfe 2 na dare. To warin mutum kwana nawa yake yi a wuri ne? Kuma me zan saya, don shagunan nan cike suke da sabulai da feshi kala-kala.

Ɗan Baba Maharbi: Wa alaikumus salam. Na karanta wa Baba saƙonka, ni nake rubuta abin da yake faɗa don shi ba ya danne-dannen waya. Ya ce yaro kar ka sayi komai tukuna. Ya ce naman daji in idonsa ya ga abu yakan tsaya ya ƙara dubawa, in kunnensa ya ji yakan saurara, amma in hancinsa ya kama mutum babu sauran shawara. Ya ce su da suka yi harbi da burtu a ka, suna rarrafe cikin ciyawa suna ɗan sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har kusa da gada ko mariya sukan je, amma burtu ido kawai yake ruɗa, ranar da iska ta juya ta bugi ƙeyarka to ka tashi ka kaɗe gwiwa ka tafi gida. Shi ya sa ba ya shiga daji sai da toka a ƙulle a ɗan tsumma, ya ɗan girgiza ya ga inda ta nufa, in babu toka ya ɗebi ƙasa mai laushi ya sake ta. Maganar kwanaki kuma ya ce ba lissafi ɗaya ba ne. Ƙarshen damina da ciyawa take da lema, raɓa na sauka, sawun mutum yakan kwana biyu dabba na jin sa. Da hunturu kuwa ƙasa ta bushe iska na kaɗawa, wanda ya wuce da asuba kafin la'asar yawanci ya tafi. Ya ce a tambaye ka, ranar ka taɓa wani abu da hannu a hanyar?

Na Ohayo: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Gaskiya na taɓa. Akwai rassan da suka tare min inda zan harba, na karya su da hannu ba safa, na jefar a gefen hanyar. Kuma kwana biyu kafin nan an yi yayyafi, ganye duk a jiƙe yake.

Ɗan Baba Maharbi: Ya ce to ga shi nan. Ya ce abin da tafin hannu ya riƙe ya fi sawun ƙafa daɗewa nesa ba kusa ba, kuma reshen yana daidai tsayin hancinta.

Mai karnuka, Maraɗi: Salamu alaikum, lahiya lau Baba. Ni abin da zan ƙara daga wajen karnuka na gane shi. In muka fita da sassafe raɓa ba ta bushe ba, kare yana ɗaukar sawun zomon da ya wuce tun cikin dare ya bi shi tiryan-tiryan har makwanci. Rana na take sai ka ga karen nan dai yana ta zagaye wuri guda ya rasa, in marece ya yi ƙasa ta huce kuma sai ka ga ya sake kamawa. Kenan warin bai mutu ba, zafi ne ya ɗauke na sama, sanyi da lema suka tada sauran. Kai kuma da marece kake zama, daidai lokacin da yake dawowa. Ruwan sama mai ƙarfi shi ne ke wanke wuri, yayyafi kam ƙara mashi ƙarfi yake.

Likitan dabbobi, Zariya: Abin da Baba da Mai karnuka suka faɗa haka yake, bari in ɗan faɗi dalilin. Jikin mutum kullum yana zubar da ƙananan ɓarɓashin fata da ido ba ya gani, ga gumi ga maiƙon jiki, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke kan fata su ke cin waɗannan suna fitar da wari. Ɓarɓashin nan in ya faɗi a wuri mai lema da inuwa bakteriyar suna ci gaba da aikinsu, shi ya sa warin ke ta tashi bayan kai ka daɗe da barin wurin. Rana mai zafi da busasshiyar iska su ke kashe abin da wuri. Don haka wari iri biyu ne, kar ka haɗa su. Akwai na iska, wanda ke fita daga jikinka da numfashinka kana zaune, wannan kana sauka ka tafi ba ya jimawa iska ta watsa shi. Akwai na ƙasa da na abin da ka taɓa, shi ne mai kwana. Ita kuma barewa in ka lura tana yawan lasar hanci, jiƙa shi take don ya fi kama wari, sannan tsakanin kofatanta akwai wata 'yar jaka mai fitar da nata warin, duk inda ta taka tana barin alama wa 'yan uwanta. Dabbar da rayuwarta kaf a kan karanta ƙasa da hanci take, ba za ta wuce reshen da ka murɗe da gumin hannu ba ta sani ba. Amma ni a ganina abin da ya hana su fitowa kwana huɗun nan yanzu ba warin ba ne, ƙila ya riga ya tafi. Uwar ce ta riƙe wurin a ranta, ta mai da fitarta dare, 'ya'yan kuma ita suke bi.

Ɗan Mishigan: Sannu ɗan uwa, maraba da shigowa harkar. Shekarata ta shida kenan ina yi a nan jihar Mishigan, mu lokacin bindiga 15 ga Nuwamba ake buɗe mana amma na fi son na baka don daji ya fi shiru. Abin da ya same ka ya same ni ba sau ɗaya ba. Kayan da zan ce ka saya ba su da yawa. Takalmin roba dogo mai kaiwa gwiwa, irin na masu aikin fadama, don roba ba ta shan wari kamar fata ko yadi, amma sharaɗin kar ka sa shi a gida ko a mota, balle gidan mai, sai ka isa bakin gona ka sa, ka tura ƙafar wando a ciki. Safar hannu. Bekin soda, ni Arm & Hammer nake saye babban kwali, da shi nake wanke kayan ba omo mai ƙamshi ba, in shanya a waje, in zuba a babbar roba mai murfi tare da busasshen ganyen dajin da zan shiga. Sabulun wanka marar ƙamshi kowanne ma ya yi. Feshin nan da ka gani na saya kala uku, ban ce ba ya rage komai ba amma duk ranar da iska ta kai warina wajensu sun gudu, da feshi da babu. Akwai wata na'ura mai tsada da ake ratayawa saman kai wai don ta kashe wari, wani abokina Bature ya rantse da ita, ni kuɗinta gara in ƙara kujera ta biyu.

Kuma nan ne ainihin maganar. Kujera ɗaya ba ta isa, in iskar yamma ce ka hau wannan in ta gabas ce ka hau waccan, in babu wadda ta dace ka haƙura ka zauna gida. Kuma yankinku na kudu maso gabas tuddai ne da kwaruruka, iskar da waya ta nuna maka ba lallai ita ce a gindin bishiyarka ba. Da safe in rana ta ɗumama ƙasa iska hawa tudu take, da yamma in wuri ya yi sanyi sai ta gangara kwari kamar ruwa ta tafi da warinka. Akwai wata ciyawa a bakin gonaki mai kwanso, in ya bushe ya fashe za ka ga farin gashi kamar audugar rimi, ka cika aljihu da shi, kana sakin ɗaya za ka bi shi da ido har yadi 40 ko 50 ka ga inda ya lanƙwasa. Ya fi garin hodar da ake sayarwa don duba iska, ita tana fita take ɓacewa. In ka hau kuma dan Allah ka ɗaura bel ɗin tsaro mai riƙe ka a jikin bishiya tun daga ƙasa, faɗowa daga kujera ta nakasa mutane da yawa a ƙasar nan.

Na Ohayo: Kai na gode sosai. Takalmin da na sa ranar shi nake zuwa aiki da shi, kuma da shi na sha mai a hanya. Kayan ma a ɗaki ɗaya suke da sauran tufafina, uwargida kuma ba ta rabuwa da turaren wuta.

Ɗan Baba Maharbi: Baba ya ce turare da sigari da man shafawa duk a ajiye su sai an dawo. Ya ce su hayaƙin itace suke turara rigar farauta da shi, kuma ba ta shiga ɗaki, a rumfa take kwana. In hanya ta bi ta inda shanu suka yi kiwo yakan taka kashinsu da gangan.

Ɗan Mishigan: Hayaƙin nan ina yi, wasu tsofaffin mafarautan nan ma suna yi. Amma Baba a gafarce ni, ni ban yarda wani wari yana rufe na mutum ba, ina ga tana jin hayaƙin tana jin mutumin duka, ragewa dai yake.

Ɗan Baba Maharbi: Ya ce bai musa ba, shi ma bai taɓa dogara da hayaƙi ya bar toka a gida ba.

Na Ohayo: To fitsarin barewa da ake sayarwa a kwalba fa? An ce a Nuwamba lokacin barbararsu yana jawo maza. Kuma ya hukuncinsa in ya taɓa kaya, don wani lokaci a can nake sallar la'asar.

Malam, Gusau: A mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, don haka ta wannan fuskar babu damuwa. Abin da zan tuna maka shi ne bisimilla lokacin sakin kibiya, kuma in ka iske ta da sauran rai ka yanka. Kar ka harba sai ka tabbatar da inda za ka samu, barin dabba da rauni ta tafi ta mutu a daji ba abu ne mai kyau ba.

Likitan dabbobi, Zariya: Allah ya saka Malam. Ni dai ta ɓangarenmu ba na ba da shawarar na kwalbar nan. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama barewar can tana ramar da su har su mutu, ba ta da magani, tana fita ta miyau da fitsari da kashi, kuma a ƙarshen 2020 an same ta a jikin barewar daji a Ohayo ɗin. Saboda ita wasu jihohin Amurka kamar Bajiniya sun hana amfani da fitsarin gaske. Ka duba littafin dokar farauta na bana kafin ka zuba komai a ƙasa. In ma dole ne akwai na haɗi wanda ba daga jikin dabba ya fito ba.

Mai karnuka, Maraɗi: Ka gode Allah da kake inda nama ke zuwa bakin gona da ƙafarshi. Mu nan barewa sai labari, wadda muka gani muna yara a saura yanzu sai ka yi shekara ba ka ga sawunta ba, zomo da zabo muka koma. Uwar nan mai 'ya'ya biyu in da hali ka ƙyale ta, ka jira namijin.

Na Ohayo: In sha Allahu haka zan yi, dama shi nake so. Abin da na tsara yanzu, zan bar wurin har Asabar ta sama, ko katin kyamara ba zan je cirowa ba. An ce za a yi ruwa mai ƙarfi ran Laraba. Zan sayi takalmin da safa, in ɗaura kujera ta biyu ta gefen gabas tsakar rana, kuma in daina ratsa turbarsu, akwai wani ɗan rafi bayan bishiyar zan bi ta cikinsa in hau.

Ɗan Baba Maharbi: Baba ya ce rafin ya yi, amma ka fara zuwa ka duba ko nan suke shan ruwa, in ka ga sawu a laka ka nemi wata hanyar. Ya ce kuma ka turo hoton gonar daga sama, ka sa alama inda bishiyar take da inda rana ke faɗuwa, yana so ya gani kafin ka ɗaura ta biyun.

Na Ohayo: To Baba, ina tashi daga aiki zan turo.