Tax clearance ɗin nan, wane suna za mu ba ta da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Takardar nan da 'yan kwangila ke ce wa tisisi (TCC, wato tax clearance certificate), ya kamata mu tsayar mata da suna ɗaya, don sunan da aka fi ji yana ɓatar da mutane.

A rediyo "takardar shaidar biyan haraji" ake cewa. Ba laifi, amma je ka faɗa wa ɗan kasuwa a Sabon Gari haka, durowa zai ja ya zaro maka rasit na banki ya ce gashi ai na biya. Alhali rasit daban ita daban. Rasit biya ɗaya yake nunawa, ita kuwa hukuma ce ke buɗe fayil ɗinka na shekara 3 da suka wuce, ta rubuta abin da ka samu kowace shekara da harajin da ya hau kanka da abin da ka biya, sannan ta tabbatar ba ta binka komai. Har wanda samunsa bai kai a caje shi ba ana iya ba shi, to shi wane biyan za a shaida?

Wani malami daga Samaru ya ce a bar ta "takardar haraji" kawai. Malam, Allah ya ƙara sani, amma sunan nan da mai shi. Tsofaffinmu na cikin birni in ka ce musu takardar haraji, 'yar takardar zamanin En'e suke tunawa, wadda ake karɓa ta hannun mai unguwa mutum ya ninke ya cusa cikin hula saboda 'yan doka a hanyar kasuwa, har gwamnan Kaduna Balarabe Musa ya zo ya soke haraji da jangali a 1979. Waccan ma ai rasit ce.

Wani kuma ya kawo "takardar wanke kai". Haba Yaya, sai ka ce daga kotu aka fito.

Ni dai "takardar ba-bashi" na tsaya. Gajere ne, kuma abin da mai tambayarta ke son sani kenan, ko neman kwangilar gwamnati ka je, ko shaidar mallakar fili, ko a amince maka da zanen gini, ko lasisin shigo da kaya, ko rancen gwamnati, ba ruwansu da ranar da ka je banki, so suke su ga gwamnati ba ta binka. Mutum ɗaya ko mai shago da sunan kansa, in a jihar Kaduna yake zaune, KADIRS, hukumar tara haraji ta jihar, zai nufa. Kamfani mai rajista kuwa hukumar tara haraji ta tarayya zai je, FIRS ɗin da ta koma NRS a Janairun 2026. Ma'aikata ma kar ku ce ai ana cira a albashi shikenan, in wurin aikinku bai miƙa kuɗin ba, ranar da ka je nema za ka sha mamaki.

Hajiyar da ta ce za a rikita ta da takardar gama biyan bashin banki, gaskiyarki Hajiya. To a rubuce mu cika shi, "takardar ba bashin haraji", a baki kuma ba-bashi ta wadatar. Mai wanda ya fi wannan ya kawo, amma don Allah ban da wanda sai an ja numfashi sau biyu kafin a gama faɗa.