Wanda bai yi baƙin harsuna ba, Ruhu Mai Tsarki yana cikinsa?

Rifkatu: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. A taron farkawa na matasa da aka yi ƙarshen makon nan, baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda bai taɓa magana da baƙin harsuna ba, Ruhu Mai Tsarki bai shiga cikinsa ba, fanko ne kawai yake zuwa sujada. 'Yan mata da yawa sun koma gida da hawaye. Don Allah, wannan koyarwa tana cikin Littafi?

Istifanus: Ina wurin. Ya zafafa, amma kada mu yi saurin watsar da shi. A Ayyukan Manzanni 2:4, ranar Fentikos, an cika su da Ruhu suka yi magana da waɗansu harsuna. A sura 10, da me Bitrus da abokan tafiyarsa suka gane Ruhu ya sauko wa gidan Karniliyas? Sun ji su suna harsuna. A sura 19, almajiran nan wajen goma sha biyu na Afisa, haka. Har Bulus ya tambaye su ko sun karɓi Ruhu sa'ad da suka ba da gaskiya. In da kowa yana samu nan take, me zai sa ya yi tambayar?

Dattijo Yakubu: Ɗana Istifanus, buɗe Romawa 8:9. Bulus ya ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba na Almasihu ba ne. Ka ga inda maganar mai wa'azin ta kai? Ba baiwa ɗaya ya ce yaran nan sun rasa ba, cewa ya yi ba su da ceto. Afisawa 1:13 kuwa ta ce da kuka ji bishara kuka gaskata, aka buga muku hatimi da Ruhu. Ba a sa wani sharaɗi a tsakani ba. Sannan 1 Korantiyawa 12: a aya 13 ya ce dukanmu an yi mana baftisma da Ruhu ɗaya, a aya 30 ya tambaya ko duka ne suke magana da harsuna, kuma kowa ya san amsar a'a ce. Sura ɗaya, ikilisiya ɗaya: duka suna da Ruhu, ba duka suke harsuna ba. Mutum dubu uku da suka tuba ranar Fentikos, da mutumin Habashan nan da Filibus ya yi wa baftisma, da Lidiya, da mai tsaron kurkukun Filibi, ba wanda Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, ya ce ya yi harsuna.

Istifanus: To Baba, Samariyawa fa, a Ayyukan Manzanni sura 8? Sun gaskata wa'azin Filibus, an yi musu baftisma, amma Ruhu bai sauko musu ba sai da Bitrus da Yahaya suka zo daga Urushalima suka ɗora musu hannu.

Fasto Iliya: Bari in sa baki, tunda ni ɗan Fentikostal ne, a Assemblies of God nake hidima. Abin da mutumin nan ya faɗa ba koyarwarmu ba ce, kuma raina ya ɓaci da jin ta, domin mu za a ɗora wa laifin. Mun yarda Ruhu yana zama a cikin mutum tun ranar da ya karɓi Yesu. In ba Ruhu, wa zai sāke haifarsa? Abin da muke koyarwa shi ne akwai wani abu bayan wannan, baftismar Ruhu, wadda take ba da iko don shaida kamar yadda Ayyukan Manzanni 1:8 ta ce, kuma alamarta ta farko ita ce harsuna. A kan wannan ina nan daram. A Yahaya 20:22 Yesu ya hura wa almajirai ya ce su karɓi Ruhu, duk da haka ya umarce su su dakata a Urushalima. Rifkatu 'yata, ki gaya wa 'yan'uwanki cewa faston Fentikostal ne ya ce: duk wadda ta ba da gaskiya ga Yesu, jikinta haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, ko ta yi harsuna ko ba ta yi ba.

Rifkatu: Na gode Fasto. Zan karanta musu yadda ka rubuta.

Malama Saratu: Fasto ya kashe rabin wutar, amma sauran rabin ma ina da ja a kai. Wannan koyarwa ta cewa harsuna ne alamar farko tana da ranar haihuwa. Charles Parham ne ya kafa ta a makarantarsa ta Littafi Mai Tsarki a Topeka, jihar Kansas ta Amurka, inda ɗalibarsa Agnes Ozman ta yi harsuna a farkon Janairun 1901. William Seymour ya ɗauke ta zuwa Los Angeles, farkawar titin Azusa ta 1906 ta baza ta duniya. An kafa Assemblies of God a 1914, kuma ko a cikinsu ba a tafi baki ɗaya ba: F. F. Bosworth, ɗaya daga cikin manyansu na farko, ya bar su a 1918 saboda bai yarda dole kowa ya yi harsuna ba. To ƙarni goma sha takwas da ikilisiya ta yi kafin Parham fa? Ku dubi nan gida ma. Walter Gowans da Thomas Kent, da suka iso tare da Rowland Bingham a 1893, sun mutu a nan Najeriya a 1894 suna neman kawo bishara. Stover Kulp da Albert Helser sun fara aiki a Garkida a 1923. Ba da wannan koyarwa suka zo ba. Za mu ce ba su da ikon shaida?

Fasto Iliya: Malama, tarihin da kika kawo daidai ne. Amma shekaru ba su ne ma'aunin koyarwa ba. Martin Luther ma, jagoran gyaran ikilisiya, a 1517 ce masa aka yi ya zo da sabon abu. Tambayar ita ce ko abin yana cikin Nassi. Kuma ban ce Allah bai yi aiki ta wurin mutanen nan ba, wa ya isa ya faɗi haka?

Malama Saratu: In har ya yi aiki da su da iko ba tare da alamar ba, ai alamar ba dole ba ce ke nan.

Markus: Mu a Katolika, a baftisma muke cewa Ruhu ya shiga ya zauna, ko jariri ne. Bayan haka Bishop yana ɗora hannu ya shafa mai a goshi don ƙarfafa abin da aka riga aka samu, kuma labarin Samariya ɗin nan na cikin ayoyin da ake kafa hujja da su. Tun taron Kustantiniya na 381 muke furta cewa Ruhu Ubangiji ne, Mai ba da rai. Muna da masu harsuna, tun farkawar da ta tashi tsakanin ɗaliban jami'ar Duquesne ta Amurka a 1967, amma ban taɓa jin Fada ya ce wanda ba ya yi fanko ne ba.

Dattijo Yakubu: Markus, zancen jarirai muhawara ce ta wata rana. Istifanus, ban manta da Samariya ba. Yahudawa da Samariyawa sun yi ɗaruruwan shekaru ba sa ga maciji. Da Ruhu ya sauko musu ba manzo ko ɗaya a wurin, da an tashi da ikilisiya biyu tun daga tushe. A fahimtata Allah ya jinkirta ne don Bitrus da Yahaya su gani da idonsu. Mutanen Afisa kuwa baftismar Yahaya Maibaftisma kaɗai suka sani, ko labarin Ruhu ba su ji ba, sai da Bulus ya bayyana musu Yesu aka yi musu baftisma da sunansa. Tambayarsa ta gano ko su wane ne, ba ta nuna akwai Kirista marar Ruhu ba.

Fasto Iliya: Baba, da girmamawa, wannan dalili na Samariya naka ne, Luka bai rubuta shi ba.

Dattijo Yakubu: Bai rubuta ba. Haka kuma bai rubuta cewa Samariyawan sun yi harsuna ba.

Istifanus: Amma Siman mai sihiri ya ga wani abu da idonsa, har ya miƙa kuɗi.

Mama Ladi: 'Ya'yana, ni ban yi makarantar Littafi ba, amma ku ji. Lokacin gudun hijirar 2014 na zauna da matan zumunta da aka kashe wa maza da 'ya'ya. Na ga wadda ta raba ɗan hatsin da ya rage mata da maƙwabciyar da ba addininsu ɗaya ba. Na ji wadda take addu'a da kuka Allah ya gafarta wa waɗanda suka ƙona gidanta. Ba ɗayansu da ta taɓa harsuna. Wane ne ya sa wannan a zuciyarsu? Jiki ba ya haifar da irin wannan. Galatiyawa 5 ta lissafta ƙauna, salama, haƙuri, kamunkai. Mutanen Koranti sun fi kowa harsuna, amma Bulus ya kira su masu halin jiki, jarirai, saboda kishi da tsattsaguwa. Wani abu kuma da yake ci mini rai: na ga ana tsayar da yara a gaba ana cewa su yi ta maimaita wata kalma da sauri har harshe ya kama. Yaro ya ƙaga don kunya, ya koma gida ya san ƙarya ya yi a gaban Allah. Wannan nauyi a wuyan wa yake?

Fasto Iliya: A wuyan wanda ya sa shi, Mama. Nassi ya ce sun yi magana yadda Ruhu ya ba su furci. Ba a koya wa mutum. Na hana wannan a majami'armu.

Istifanus: Na karɓi maganar Romawa 8:9, mai wa'azin ya wuce gona da iri. Amma Baba, ina da ƙorafi a kanku ku ma. Sau nawa aka zaunar da matashi a majami'unmu, ko aka kira shi gaban dattawa, don kawai an ji yana addu'a da harsuna? 1 Korantiyawa 14:39 ta ce kada a hana. Bulus kansa ya ce ya fi su duka yi. Muna cewa Ruhu na cikinmu, amma ko baiwa ɗaya ba ma so mu gani a sujada. Shi ya sa matasa suke kwarara wurin irin wannan mai wa'azi.

Dattijo Yakubu: Wannan ƙorafi yana da tushe. Mai Ruhu yana iya ɓata wa Ruhu rai, Afisawa 4:30 ta faɗa, kuma 5:18 ta umarci waɗanda aka riga aka hatimce su riƙa cika da shi. Dattijon da ya hore yaro don addu'arsa ta ɗaka ya yi abin da ba a ba shi ba. Amma a cikin taro, surar da ka kawo ita ce ta sa iyaka: mutum biyu ko uku, bi da bi, da mai fassara, in babu mai fassara a yi shiru. Bulus ya ce a cikin ikilisiya ya gwammace kalma biyar da za a fahimta da dubu goma na harsuna. Zan kai maganarka zaman dattawa na wata mai zuwa, kuma ina so ka zo ka faɗe ta da bakinka. Amma ka sani, aya 27 da 28 za su shiga ɗakin tare da aya 39.