Ina so in manna takardar bango a kan katakon falona, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Haya nake a Lazare, nan Yamai, shekara biyu ke nan. Bangon falon guda ɗaya mai gidan ya rufe shi da katako tun daga ƙasa har sama, irin sirara ɗin nan da ake jerawa, akwai ɗan rami tsakanin kowane biyu, an shafe su da wani mai mai ƙyalli ruwan ƙasa. Ya sa falon duhu ko da rana tsaka. Auren ƙanwata ya matso kuma a wurina baƙi za su sauka. Na sayo takardar nan mai gam a bayanta na gwada a kusurwa, kwana huɗu bakinta ya ɗago, ramukan kuma suka fito layi-layi ta cikinta. Raina ya ɓaci sosai. Bangon faɗinsa mita 4, tsawonsa mita 2 da santimita 80. Yaya zan yi?

Baba kafinta, kasuwar Katako:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin ki kashe ko dala, ki bi bangon da ɗan yatsa kina ƙwanƙwasawa, musamman daga ƙasa. In kin ji wuri ya yi fanko, ko kin ga siririn layin ƙasa ya hau, gara ce. Sau da yawa masu gida ba don ado suke sa katakon nan ba, bangon ne ke jiƙa da damina sai a rufe. In akwai laima a baya, duk abin da kika manna sai ya yi baƙi-baƙi ya yi wari.

In lafiya yake, to. Man nan mai santsi ne ya hana gam kamawa. A wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe, a goge da takarda mai yashi har ƙyallin ya mutu. Duk ƙusar da ta ɗago a mayar da ita. Ramukan a cike su da ƙullin cike tsaga, sau biyu, don na farko yana lotsawa in ya bushe. Sai a shafa fentin share fage. Kar ki tsallake wannan, shi ke hana launin katakon ya tsattsafo ya ɓata farar takarda.

Maman ƴan biyu, Wadata:
Yaya, wannan mai gam ɗin ki manta da ita. Ni ma na sa a ɗakin yara, da zafin Afrilu ya zo, ya haura digiri 40, gam ɗin ya yi laushi, da safe muka tarar rabinta a kan katifa. Ki nemi wadda ake shafa wa bango gam sannan a ɗora ta. Kuma kin gaya wa mai gida? Kar ranar tashi ya riƙe maki kuɗin ajiya.

Wani mai fenti, Bukoki:
Ina girmama Baba amma ni cike ramukan nan kaɗai bai kwanta mini ba. Katako yana numfashi. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, ƙullin sai ya tsage, takardar ta bi shi. Na ga haka da idona a wani ofis. Abin da nake yi, bayan cikon sai in shimfiɗa farar takarda mai kauri a kwance, daga hagu zuwa dama, ta kwana, sannan ta ado ta hau a tsaye. In ba a samu ba, a buga allon katako siriri mai santsi a kai.

Lissafinki Hajiya: naɗi ɗaya yawanci faɗinsa santimita 53, tsawonsa mita 10. Zai ba ki yanki uku masu tsayin bangon. Bangonki na son takwas, ke nan naɗi uku, ki sayi huɗu in mai zane ce don haɗa fure da fure yana cin takarda. Ki duba lambar da ke jikin leda ta zama ɗaya, in ba haka ba launi na iya bambanta. Ranar aiki a kashe fanka, a rufe taga, ta bushe a hankali.

Baba kafinta:
Yaron nan ya faɗi gaskiya, na yarda da ta kwancen. Da hunturu za a yi ko yanzu?

Mai tambaya:
Allah ya saka maku da alheri. Baba, na ƙwanƙwasa kamar yadda ka ce. Bayan kujera, can ƙasa, katako biyu sun yi fanko, da na danna da cokali sai ƙasa ta zubo, har da ƴan fararen ƙwarin suna gudu. Jikina ya yi sanyi. Na kira mai gidan, ya ce gobe bayan la'asar zai zo da kafintansa su ɓalle biyun su ga bayan. Bikin saura mako biyar. In an canja su an sa magani, kwana nawa zan jira kafin a fara gogewa?